Hannun Kattappa, Laifin Wa?

Ranar 10 ga Yuli, 2015, aka saki wani fim a Indiya da ya zo da abin da 'yan kallo ba su saba da shi ba. Ya nuna kisa, ya nuna takobin da aka yi kisan da shi, ya kawo wanda ya yi kisan ya amsa da bakinsa, sannan ya ƙare bai faɗi dalili ba. Fim ɗin shi ne Bahubali, wanda S. S. Rajamouli ya ba da umarni, da harshen Telugu na kudancin ƙasar. Mai amsa laifin kuwa Kattappa ne, tsohon bawan fadar Mahishmati, wanda aka shafe fiye da awa biyu ana nuna mana riƙon amanarsa. Shi ne ya ce da hannunsa ya soki Amarendra Bahubali ta baya, yaron da ya tashi a gabansa, ya koya masa yaƙi, wanda ba ya kiransa da wani suna sai kawu.

Mutumin Gwiwa, a masarautar Kazaure, ba a silima ya ga wannan ba. Fim ɗin ya zo masa ta hanyar da fina-finan Indiya ke bi a yanzu: masu fassara a Kano, irin su Algaita da takwarorinsu, su sa wa fim bakin Hausa, ya faɗa kwamfutar masu shagon caji da tura fina-finai, a zuba wa mutum a waya, shi kuma ya tura wa abokinsa. Abin da a da sai an saro kaset ko faifai a Ƙofar Wambai an biyo da shi titin Kazaure, yanzu a aljihu yake yawo, daga Gwiwa zuwa Korayel da Buntusu, daga Roni har Babura. Tambayar ma tare suka taho. A Indiya ta zama zancen ƙasa, a jarida da talabijin da intanet. A nan ta zauna a teburin mai shayi, da bakin shagon caji, da tsakar gida bayan isha'i: me ya sa Kattappa ya kashe Bahubali?

An sa ran kashi na biyu a 2016. Shekarar ta wuce babu shi, aka ɗaga zuwa Afrilun 2017, mai jiran fassara kuma ya ƙara da nasa jiran. Ga shi mai kallon Hausa yana da dalilin ɗar-ɗar. Tun zamanin kaset ya san rubutun nan da ke hawa a ƙarshen fim, "mu haɗu a kashi na biyu", ya kuma san abin da kan biyo baya: labarin da bai kai a raba ba an raba shi don a sayar sau biyu, na biyun ya zo cike da tariyar baya da waƙoƙi, wani ma har yau bai zo ba. Duk da haka mutane ba su yi watsi da wannan ba. Sai suka rikiɗe suka zama masu bincike. Shaidarsu ɗaya ce tak, kashi na farko, suna maimaita kallonsa suna tsintar alamu.

Zato uku da suka rushe

Zaton farko shi ya fi saurin zuwa baki. Sai ka ji yaro ya ce, "Yaya, kwaɗayi ne kawai, an yi masa alƙawarin wani abu." Amma fim ɗin ya riga ya toshe wannan ƙofa. Akwai wurin da wani falken makamai mai suna Aslam Khan ya gwada takobi da Kattappa, ya sha kaye, ƙwarewar tsohon ta burge shi har ya ce zai biya ko nawa ne ya fanshe shi daga bauta. Kattappa ya ƙi. Ya shaida masa kakanninsa sun ɗaukar wa gadon sarautar Mahishmati alƙawarin duk wanda aka haifa a zuriyarsu zai yi masa hidima har mutuwa. Mutumin da aka miƙa wa 'yancin kansa ya mayar, da me za a saye shi?

Zato na biyu na masu ƙaunar jarumi ne: Bahubali bai mutu ba, ɓoye shi aka yi, zai fito a kashi na biyu. Wanda ya girma da fina-finan su Dharmendra, wanda Hausawa suka raɗa wa Sarkin Ƙarfi, ya saba ganin jarumi ya miƙe bayan an fid da rai da shi. Devasena, matar Bahubali, ita ce ta rushe wannan zato. Shekara 25 tana ɗaure da sarƙa a dandalin fada, tana tsintar ƙirare tana tarawa don ranar da za a ƙone sarki Bhallaladeva, wato Bhalla, a kansu. Da Kattappa ya lallaɓo cikin dare ya nemi ya kwance ta, ta ƙi, ta ce ɗanta zai zo. Ɗanta ta ambata, ba ta ambaci mijinta ba. Matar da ta yarda ɗanta na raye alhali kowa ya ce ruwa ya tafi da shi, da akwai ko ƙyallin fata a kan mijinta, da ba ta sake shi ba.

Zato na uku ya fi su ƙarfi: Bhalla ne ya ba da umarni, bawa ya bi. Akwai abin da ke mara masa baya. Mun ga Kattappa ya tare wa Bhalla maharan da suka zo kashe shi, alhali fuskarsa ta nuna ba ya ƙaunarsa. Ke nan gadon yake wa biyayya, ko wa ke kai. Sai dai nan ma akwai cikas. Labarin da Kattappa ya bayar a kashi na farko ya tsaya ne bayan yaƙin Kalakeya, inda uwar masarauta Sivagami ta ce Bahubali ne zai hau gado, domin shi ya ceci talakawan da abokan gaba suka yi garkuwa da su, Bhalla kuwa ya bi ta kansu da keken yaƙinsa. In Bahubali ne sarki, rantsuwar kakannin Kattappa kare shi za ta yi. Lalle ke nan kafin takobi ya shiga bayansa an riga an raba shi da gadon. To wa ya isa ya warware naɗin da Sivagami ta yi? A masarautar nan mutum ɗaya ne maganarsa take doka, ita ce Sivagamin.

Alamar da ke farkon fim

A nan ne masu lura suka mayar da fim ɗin farkonsa. Wata mata da kibiya a bayanta, rungume da jariri, ta fito daga kogo, ta kashe sojojin da suka biyo ta, ta shiga kogi. Da ruwa ya ci ƙarfinta sai ta ɗaga jaririn sama da hannu ɗaya, ta roƙi abin bautarta ya karɓi ranta a kan laifin da ta aikata, amma ya bar yaron ya rayu. A kallon farko ba mu san ko wace ce ba, hankalinmu yana kan jaririn. Sai can gaba muka gane Sivagami ce. Wane laifi ne uwar masarauta ke ganin ba shi da fansa sai ranta? Me ya sa ita ke gudu da ɗan Bahubali, ina uwarsa? Wa ya isa ya harbe ta a ƙasar da take juyawa? Ana zaton wuta a maƙera, ashe tana masaƙa. Zargi ya fara karkata ga inda umarni ya fito. Abin da ya rage shi ne abin da zai sa uwa ta ba da irin wannan umarni a kan ɗan da ta shayar.

Akwai dalilin da ya sa wannan bincike ya kama mutanen ƙasar nan. Wanda ya tashi a masarautar Kazaure, wadda ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, ba sai an yi masa bayanin fada ba. Ya san girman bawan sarki. A Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama manyan bayi ne da aka damƙa wa amanar dawaki da makamai da ƙofar sarki, takobinsu kuwa ba ya fita kube da ra'ayin kansu. Ya kuma san abin da gadon sarauta ke iya yi wa zumunci. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin 'ya'yan wa da ƙani ta tashi: Tukur ɗan Sarki Bello, wanda Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa, da Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya fice da jama'arsa zuwa Takai, dukansu jikokin Ibrahim Dabo. Bahubali da Bhalla ma 'ya'yan wa da ƙani ne, nono ɗaya suka sha. Tufafin fim ɗin na Indiya ne, amma rigimar da ke cikinsa sananniya ce a wurinmu.

Yadda ƙullin ya warware

Ranar 28 ga Afrilu, 2017, kashi na biyu ya fito. Bai yi gaggawar ba da amsa ba, daga tushe ya ɗauko ta.

Ƙulli na farko alƙawari biyu ne da suka yi karo. Kafin bikin naɗi, Sivagami ta tura Bahubali ya zaga ƙasa tare da Kattappa don ya san halin talakawa. A masarautar Kuntala ya ga gimbiya Devasena, ya ɓoye asalinsa, so ya shiga tsakaninsu. Labari ya kai wa Bhalla, ya ga hotonta, ya riga ɗan'uwansa zuwa wurin uwa ya ce ita yake so. Sivagami tana jin nauyin hana ɗan cikinta sarauta, nan take ta yi masa alƙawarin aura masa ita. Ba ta tambayi yarinyar ba. Ta aika da dukiya, Devasena ta mayar da ita da zazzafar amsa, Sivagami ta fusata ta ce a kawo ta a kame. Shi kuwa Bahubali, da zai taho da ita, ya yi mata alƙawarin kare mutuncinta iyakar ransa.

Ƙulli na biyu a zauren fada aka ɗaura shi. Da gaskiya ta fito, Devasena ta ce ita ke da ikon zaɓen mijinta. Sivagami ta ce a kama ta, Bahubali ya sha gaban dakaru, ya faɗa wa uwarsa a bainar jama'a cewa ta yi kuskure. Aka ba shi zaɓi tsakanin gado da Devasena, ya zaɓi cika alƙawarinsa. Aka naɗa Bhalla sarki, shi kuma sarkin yaƙi. Cikas ɗin nan na zato na uku ya kau ke nan. Ranar naɗin kuwa sunan Bahubali jama'a suka yi ta kira har ƙasa na girgiza, Bhalla ya gane gadon kawai ya samu, zukatan mutane suna wani wuri.

Ƙulli na uku shi ne raba shi da fada. Devasena na da juna biyu, Bhalla ya sauke shi daga sarkin yaƙi da sunan ya je ya kula da matarsa. Wanda ya gaje shi, Sethupathi, ya shiga taɓa mata a cunkoson shiga wurin ibada, Devasena ta datse masa yatsu. Aka gurfanar da ita a ɗaure. Bahubali ya shigo, ya ji ba'asi, ya sare masa kai a gaban sarki. Sivagami ta kore su daga fada, suka koma cikin talakawa, farin jininsa ya daɗa ƙaruwa.

Ƙulli na huɗu makirci ne tsantsa. Bijjaladeva, uban Bhalla, wanda ya tsufa da ƙullacin an tsallake shi an naɗa ƙaninsa, ya ruɗi Kumara Varma, ɗan'uwan Devasena, ya nuna masa ana shirin kashe Bahubali, ya zuga shi ya shiga ɗakin sarki da wuƙar da Bahubali ya taɓa ba shi kyauta. Suka kashe shi a can, suka ce wa Sivagami Bahubali ne ya aiko shi. Ba ta kira ɗanta ta ji ta bakinsa ba. Ta yanke masa hukuncin kisa, da aka ga yin sa a fili zai ta da tawaye, sai aka kira Kattappa. Ya roƙe ta, ya ƙi. Ta ce ko ya yi, ko ita ta yi da hannunta. Ya karɓa don kada jinin ɗa ya hau hannun uwa.

Tarkon da aka ɗana shi ya fi komai ciwo. Aka kai wa Bahubali labarin ana shirin hallaka kawunsa. Ya bar matarsa a bakin haihuwa ya tafi ceto, ya kwance shi, ya tare masa kibau da jikinsa, ya yaƙi mahara, sannan ya ba da baya ga mutumin da bai taɓa jin tsoron ba wa baya ba. Ko a lokacin fitar rai, amanar uwarsa ya bar wa Kattappa. Bhalla ya iso yana alfahari a kan gawa, ya fallasa kansa da bakinsa, Kattappa na ji. Ya koma wa Sivagami da jini a hannu ya gaya mata gaskiya. Ta ɗaga jaririn da aka haifa a daren ta shelanta wa jama'a shi ne sarki, Mahendra Bahubali, ta gudu da shi, Bhalla ya bi ta da kibiya. Haka aka gane laifin da take neman fansarsa a tsakiyar kogi.

Hukuncin 'yan kallo

A Indiya fim ɗin ya zama na farko a tarihin ƙasar da ya tara sama da rupi biliyan 10, cikin kwana goma kacal. A nan kuwa musu ne ya sauya fuska, daga "me ya sa" ya koma "laifin wa". Wasu sun yafe wa Kattappa, suka ce ɗaure yake da rantsuwar da aka yi tun ba a haife shi ba. Wasu suka ce a'a, malamai sun karantar da mu biyayya tana da iyaka, ba a bin kowa wajen zubar da jinin marar laifi, ga shi kuma ya fi kowa sanin halin yaron. Wasu mazan suka ɗora wa Devasena, wai bakinta ne ya jawo. Matan gida ba su bar wannan ta wuce ba: "Haba Malam, me ta yi in ban da ƙin auren da ba a shawarce ta ba, da kare 'yan'uwanta mata daga mai taɓa su?"

Ni a nawa ganin, hannu na Kattappa ne, makirci na Bijjaladeva da ɗansa ne, amma Sivagami ce ta buɗe musu ƙofa, har sau biyu. Ta ba da 'yar mutane ba ta tambaye ta ba, ta kuma yanke hukunci ba ta bincika ba. Kowane ɗayansu mun san shi a gidajenmu da zaurukan sulhunmu. Suratul Hujurat ta yi mana kashedi game da karɓar labari ba tare da tantancewa ba, don kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Sivagami mace ce mai adalci da kaifin hankali, kuma wannan ne ya sa faɗuwarta ta girgiza mai kallo: in irinta za ta faɗa wannan rami, babu shugaban da ya tsira daga gare shi.

Duk zafin musun nan, a cikin labarin ake yin sa. Masu yafewa da masu ƙi sun haɗu a kan cewa an ba su abin da suka jira.

Me ya sa jiran bai tashi a banza ba

A Amurka an yi irin wannan jira, aka tashi da wani sakamako. Indiana Jones, malamin jami'a mai farautar kayan tarihi da hula da bulala, wanda Harrison Ford ke fitowa a matsayinsa, ya zo a fim uku, a 1981 da 1984 da 1989. Na ukun ya rufe komai, jarumi ya shirya da mahaifinsa, suka hau dawakai suka tafi. Bayan shekara 19, a 2008, Steven Spielberg da George Lucas suka dawo da shi, bayan an daɗe ana rubuta labari ana ajiyewa. Jama'a sun yi tururuwa, fim ya tara kusan dala miliyan 790, amma da yawa daga tsofaffin masoya suka fito da ƙorafi: jarumi ya shiga firiji ya tsira daga bam ɗin nukiliya, labari kuma ya ƙare da wasu halittu daga wata duniya. Da na biyar ya zo a 2023, abin da ya tara bai kai dala miliyan 400 ba.

Wani zai ce ai shekara 2 da shekara 19 ba ɗaya ba ne. To Gadar na Sunny Deol, ɗan Dharmendra, a 2001 ya fito, na biyunsa sai 2023, tsakaninsu shekara 22, kuma gidajen silima a Indiya suka cika maƙil. Tara Singh, jarumin fim ɗin, da ya ƙetare iyaka saboda matarsa shi ne ya sake ƙetarewa saboda ɗansa, halinsa na nan yadda aka san shi. Tsufa ma ba za a ɗora wa ba, domin da Ford da Deol duk sun haura sittin lokacin da suka dawo.

Abin da ya rage shi ne bashi. Duk fim ɗin da ya ce a jira shi ya ci bashin mai kallo, ko dai na amsa, ko na halin jarumin da aka sani da dokokin duniyarsa. Rajamouli da mahaifinsa Vijayendra Prasad, wanda ya ƙirƙiri labarin, labari ɗaya suka tsara, tsawonsa ya sa aka raba shi biyu. Amsar tana hannunsu tun kafin su jefa tambayar. Shi ya sa kibiyar bayan Sivagami da sarƙar Devasena da rantsuwar Kattappa kowacce ta sami mazauninta, ƙiraren nan ma a kansu Bhalla ya ƙone.

Masu shirya fim a Kano suna da 'yan kallo masu haƙuri. Tun daga 2020 Labarina da Izzar So suka nuna mutanenmu za su bi labari mako bayan mako, zango bayan zango. Labarun kasada ma ba mu rasa ba: ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga Bayajidda da rijiyar Kusugu a Daura, gaba kaɗan da Kazaure. Alƙawari kaya ne. Mai shirya fim ya rubuta ƙarshen labarinsa kafin ya sayar da farkonsa, ya dasa amsar inda mai lura zai iya tsinto ta. In ya yi haka, matashin Gwiwa da ke cire kuɗin tura fim daga abin da ya samu a gona ko a kan babur zai jira shi shekara biyu, zai kuma jawo abokansa su jira tare.